Azara Goma Sha Biyu Ƙarƙashin Ƙarfen Sabis

Ni na fara ganin ƙarfen nan ya karkata. Kafin injiniya, kafin Maigari, kafin duk masu gilashin ido da takardun boko, ni Shehu Maidagi, wanda bai taɓa zama aji ba, ni na gani. Yau kowa a Kaura Namoda cewa yake shi ma ya lura. Ƙarya suke yi. Ranar da na buɗe baki, dariya sunka yi mini har mai shayi ya kusa kifar da butarsa.

Sana'ata haƙar rijiya. Daga Kaura zuwa Zurmi, daga Shinkafi har Jangeru bakin iyaka, in ka sha ruwa mai sanyi a tsohuwar rijiya, ka tambayi wanda ya haƙa ta. Na shiga ƙasa na fito fiye da yadda wasu sunka shiga kasuwa. Fari ya zo ya wuce ya bar ni. Amai da gudawa ta kwashe rabin sa'o'ina ta bar ni. Maciji ya sare ni a Galadi, ni na kwana lafiya, shi aka tsinta da safe a miƙe. Ƙasa ma ta taɓa rufe ni ta sake ni. Wannan na ƙarshen kowa ya sha jin sa a bakina, sai dai kullum nakan ce a Zurmi anka yi, kuma ni kaɗai ne a ramin. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shekara biyar ke nan da kafa Shari'a a jiharmu sa'ad da wayar hannu ta iso mana. Wasu mutanen kamfani sunka zo da farar mota suna neman inda za su kafa ƙarfen sabis, dogon ƙarfen nan mai ƙafa uku kamar murhu, wanda in babu shi waya ba ta magana. Duk faɗin garin nan ba su ga wurin da ya yi musu ba sai wani kangon fili a unguwarmu, kusa da layin dogo, jikin gidan Sanusi direba.

Sanusi ɗan abokina ne Mahmuda, Allah shi jiƙan shi. Tare munka koyi haƙa, akushi ɗaya muke ci. Mahmuda ya rasu Sanusi yana ciki, don haka yaron bai san fuskar ubansa ba. Uwarsa Iyatu ta haife shi a Katuru wurin danginta, can ya girma, ya koyi mota, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Da ya yi ƙarfi sai ya dawo filin ubansa ya yi gini, ya ɗauko tsohuwar. Ɗaki huɗu ya yi, ya ce ta zaɓa. Ta zaɓi ƙaramin da ke can kusurwa shi kaɗai, wanda bangonsa ke kallon kangon filin, bayansa kuma babu komai sai hanya da layin dogo. Kullum da safe takan fito da tsintsiya ta share filin nan fes. Ba ta shuka ko kuɓewa a ciki, ba ta bari a ɗaure akuya. Maƙwabta sunka ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa.

Ana nan Iyatu ta tafi Katuru gaisuwar rasuwa, ta yi kwana goma. Kafin ta dawo Sanusi ya sa hannu a takardar kamfani ya ba su filin, leburori sun fara haƙa.

Unguwa ta ɗauki zafi. Anka taru ƙofar Maigari bayan la'asar, anka shimfiɗa tabarmi. Injiniyan kamfanin ya zo, wani siririn mutum mai suna Shamsu, da hular kwano a kai ko da babu abin da ke faɗowa daga sama.

Liman ne ya fara. Ya ce, "In mutum ya hau can ƙololuwa, wane tsakar gida ne ba zai gani ba? Matanmu na daka, na wanka, ba lulluɓi. A garin da anka kafa Shari'a?"

Injiniya ya ce duk ranar da za a hau, za a aiko wa Maigari tun da safe ya sa a yi shela, mata su shiga ɗaki, kamar yadda ake yi in za a hau gyaran rufi. Liman ya gyaɗa kai.

Abdullahi mai shayi ya miƙe. "Ni a Gusau na ji, wallahi, abin nan yana kashe wa namiji ƙarfi, kaji ma su daina ƙwai."

Wani daga baya ya ce, "Kai Audu, ɗiyanka goma sha ɗaya. In ya kashe ai hutu ka samu."

Anka bushe da dariya. Wani ya kawo maganar tsawa, injiniya ya ce akwai wayar da ke ɗauke ta ta kai ƙasa. Wani ya kawo ƙarar janareta, ya ce za a gina masa ɗaki. Kowace tambaya yana da amsarta a aljihu. Sai na ɗaga sandata.

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, Maigari. Ni ba idon mai hawa ya dame ni ba, ba kaji ba. Ƙasar wurin ga ba ta ɗaukar wanga nauyi."

Injiniya ya yi murmushi. "Baba, mun auna ƙasar. Mun haƙa, mun same ta da ƙarfi."

"Gaba nawa kunka haƙa?"

"Mene ne gaba?"

Na buɗe hannuwana duka biyu. "Daga wanga yatsa zuwa wanga."

Ya ɗan yi tunani. "Kamar ɗaya da rabi."

"Ku ƙara biyu."

"Me za mu gani, Baba?"

Nan bakina ya mutu, ni da ba a taɓa rufe wa baki a taro ba. Na dubi Sanusi yana zaune gefe yana wasa da makullin mota. 

Abdullahi ya ce, "Aljanu ne, Baba Shehu? Ko dangin macijin Galadi ne sunka biyo ka?"

Dariya ta sake tashi. Maigari ya ɗaga hannu ya ce, "Maidagi, in kana da hujja ka kawo. In babu, bari yara su yi aikinsu."

Hujja ina da ita. Rantsuwa ce ta ɗaure ni, kuma ga yadda anka yi.

Shekara biyu kafin yaƙin basasa, wurin nan duk gonaki ne, gida uku ne kacal. Ni da Mahmuda muna haƙa masa rijiya a filinsa. Ƙasar wurin hawa uku ce. Gaba uku na sama jar ƙasa ce mai taushi. Ƙarƙashinta marmara mai tauri, sai da munka yi kwana shida muna saranta. Ƙarƙashin marmara kuwa yashi ne zalla har ruwa. Muna gaba goma sha uku, ruwa ya fara tsattsafowa ƙafafunmu, muna ta murna, sai na ji yashi yana zubo mini a wuya kamar ana ɗura gero a buhu. Kafin in ɗaga kai, gefe guda ya zube. Mahmuda ya nutse har ƙirji, ni har gwiwa. Igiya ɗaya ce. Ta fi kusa da ni, na kama, na yi ihu, anka ja. Ina tashi sama ina jin sa yana cewa, "Shehu, maido igiyar." Na maido ta. Kafin ta kai gare shi sauran yashin ya sauka.

To kun ji. Ba a Zurmi anka yi ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Ni na fito, kuma ba na jin kunyar fitowa, amma gaskiyar ke nan.

Kwana uku muna kwasa. In munka fid da guga ɗaya, biyu su zubo. Uban Maigarin yanzu ya hana kowa sake shiga. Limamin lokacin ya yi wa Mahmuda salla a bakin rijiya, anka ce a cike ramin. Iyatu, da cikin wata bakwai, ta aiko daga ɗaki ta ce ba za a watsa wa mijinta ƙasa kamar mushen jaki ba. Musulmi in an sa shi kabari, itace ake jerawa bisa, a toshe da laka, sannan a tura ƙasa don kada ta danne shi. A yi masa haka. Dattawa sunka ga gaskiyarta. Ni anka zura da igiya har bakin marmara. Na jera azarar giginya goma sha biyu da hannuna, na shimfiɗa zana, na shafe da laka, sannan anka cike gaba ukun sama. Ƙarƙashin azarar nan babu komai sai iska da duhu tsawon gaba takwas, sai yashi, sai Mahmuda.

Ranar da za a kai Iyatu Katuru ta sa anka kira ni. Ta tsaya bayan asabari ta ce in rantse da Allah ba zan taɓa gaya wa abin da ke cikinta ba, ba kuma zan gaya wa wanda zai gaya masa ba. Ba ta son ɗanta ya tashi ana nuna shi ana cewa ga wanda ubansa bai samu wanka ba, bai samu likkafani ba. Na rantse. Waɗanda sunka san maganar, na raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Mutanen unguwar yanzu baƙi ne, yawancinsu bayan an ba mu jiha sunka zo. Saura ni da ita. Sanusi kuwa kowace Salla tsohuwar maƙabarta yake zuwa ya yi wa ubansa addu'a, inda anka gaya masa yake.

Cikin wata biyu ƙarfe ya tashi, ja da fari, ana hango shi tun daga hanyar Zurmi. Ƙafa biyu sun sauka ƙasa mai kyau. Ta yamma, wadda ke taku shida daga bangon Iyatu, ta zauna daram bisa bakin rijiyar. Ban buƙaci kowa ya auna mini ba. Tsamiyar da muke rataya rigunanmu in za mu shiga rami tana nan, daga gindinta taku goma sha ɗaya ne.

Mai haƙa ba ya yarda da idonsa kawai. Rijiya in ana son ta miƙe, dutse ake ɗaure wa zare a saki, a bi zaren. Na ɗaure dutse a zare na rataya a reshen tsamiyar, na kafa turke inda zan riƙa tsayawa. Kowace safiya sai in zo in rufe ido ɗaya in daidaita zaren da ƙarfen. Masu wucewa suna gaishe ni suna ƙunshe dariya. Abdullahi har cewa yake wai ni ne sabon maigadin kamfani. Duk rani zare da ƙarfe suna tare kamar tagwaye. Ruwan farko ya sauka, babu komai. Anka yi shuka, anka yi noman fari, babu komai. Da marka ta kama, ruwa ya yi kwana biyar bai ɗauke sosai ba, ran wata Litinin na ga haske tsakanin kan ƙarfen da zaren, faɗin yatsa ɗaya. Ran Laraba yatsa biyu. Wajen yamma yake tafiya, wajen ɗakin Iyatu.

Na yi sallama gidan da hantsi. Na iske ta ƙofar ɗaki tana gyaran wake a faifai.

Ta ce, "Maidagi, lafiya da hantsi haka?"

"Ba lafiya ba. Azarar ta fara gajiya. Ki sake ni daga rantsuwar nan, ko ki koma ɗakin gaba."

Ba ta ɗago ba. "In na koma, yaron nan zai ce don mi. In ce mishi mi?"

"Ki ce ɗakin na yoyo."

"Sai ya hau ya gyara, gobe in dawo."

"Iyatu, ƙarfen ga in ya taho, ba ya sallama."

Ta ajiye faifan. "Shekara ashirin da ɗaya na yi a Katuru shi yana nan shi kaɗai. Yanzu sha tara ina kwana kusa da shi. In ƙarfen ya zo, shi iske ni inda nike. Kai ka taɓa barin shi sau ɗaya, Maidagi. Ni ba ni bari."

Maganar nan ta shige ni fiye da haƙorin macijin Galadi. Na fito. Na je na jawo Maigari har gindin tsamiya, na tsai da shi a turke, na ce ya rufe ido ɗaya. Ya rufe, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ya ce shi bai ga komai ba sai zare. Amma don kada in ce bai yi komai ba, ya aika wa injiniya. Amsa ta dawo wai zai zo ƙarshen wata.

Ran Alhamis anka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na fita. Ruwan indararon unguwa yana gangarowa filin, ya zo gindin ƙafar yamma, bai taru ba, bai wuce ba. Wata 'yar tsaga ce jikin kankaren yake shiga yana ɓacewa, da ƙara kamar tsoho na kurɓar kunu. Na je wurin zare. Yatsa huɗu. Na dubi gabas, can ƙasa-ƙasa wani hadarin yana haɗuwa, baƙi ƙirin, irin mai zuwa da iska a gaba. Iskar gabas kuwa kan ƙafar yamma za ta tura duk nauyin.

Na tsaya na auna abin da hankalin da Allah ya ba ni. Rantsuwa in ta karye akwai kaffara, malamai sun faɗa. Iyatu in ta karye babu.

Na iske Sanusi a tasha, motarsa ta kusa cika, saura mutum biyu.

Ya ce, "Baba Shehu, Shinkafi za ka? Shiga gaba."

"Sauke mutanen nan. Ina da magana."

"Maganar ƙarfe ce kuma? Baba, don girman Allah."

"Maganar ubanka ce. Ba ya maƙabartar da kake zuwa. Yana ƙarƙashin ƙafar ƙarfen nan, cikin rijiya, ni na rufe shi da hannuna. Kuma abin da na rufe shi da shi ya fara karyewa, uwarka na kwance taku shida daga wurin."

Ban san sa'ad da ya cafki wuyan rigata ba. Ƙafafuna sun bar ƙasa. 'Yan kamasho sunka taso sunka riƙe shi.

Ya ce, "Tsoho, in tsufa ne ya taɓa ka, kada ka sa ubana ciki."

Na gyara rigata. "Samo mini rodi mai tsawon gaba huɗu, ka kira injiniyanka. In ban nuna maka ba kafin la'asar, ka kai ni gaban alƙali a yi mini bulala a bainar jama'a. Bayana ya sha abin da ya fi bulala."

Sanusi ya fizge hannunsa daga 'yan kamasho. Sannan ya zaro waya daga aljihu. Da ƙarfen nan dai anka kira wanda ya kafa shi.

Injiniya ya iso daga Gusau ana idar da azahar, ransa a ɓace. Unguwa duk ta fito. Hadari ya ci rabin sama, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi.

Ya ce, "Baba, ka san in ka lalata kayan kamfani..."

"Tsaya nan ka kama, ɗana. Hannunka nake so, ba bakinka ba."

Na auna gaba uku jikin rodin na ɗaure tsumma a wurin. Munka kafa bakinsa cikin tsagar, mu huɗu, ni da Sanusi da injiniya da Abdullahi mai shayi. Ƙasar ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Muna dannawa yana shiga. Gaba ɗaya. Gaba biyu.  Tsumman yana taɓa ƙasa, rodin ya tsaya da wata ƙara, ɗim, ba irin ta dutse ba.

Na ce, "Ku zaro."

Munka zaro. A bakinsa ga wasu baƙaƙen zaruruwa sun maƙale, jiƙe sharkaf. Na cire na sa a tafin injiniya.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Abdullahi ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Giginya ce."

Babu wanda ya yi dariya.

Na ce, "Ku mayar." Azara ta shida da ta bakwai ba su haɗu ba, ta bakwai ɗin karkatacciya ce, laka na cusa tsakaninsu. Shekara arba'in ban manta ba. Na karkata rodin kaɗan wajen kudu, na laluba, na ji inda ya yi taushi. Na ce su danna. Munka danna sau ɗaya. Rodin ya suɓuce daga hannu takwas kamar an fizge shi daga ƙasa, ya shige gaba ɗayansa, ya ɓace. Munka tsaya hannu a buɗe. Na ji zuciyata ta buga sau ɗaya, sau biyu, sannan can ƙasa mai nisa munka ji cuɓul.

Wata iska mai sanyi ta fito daga hujin, da warin tsohon ruwa. Injiniya ya durƙusa ya kara kunne. Da ya miƙe, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya dubi gabas.

Ya ce, "A kashe janareta. Kowa ya bar nan, a koma ƙofar Maigari. A tare hanyar baya. Yanzu!"

Iska ta iso. Mata na jan yara, ana ta salati, kwanon rufi na kaɗawa. Matar Sanusi ta fito da nata yaran. Iyatu ce kaɗai ba ta fito ba.

Ni da Sanusi munka shiga. Tana zaune bakin gado da carbi a hannu, ƙofa a buɗe. Bango ɗaya ne tsakaninta da filin, duk abin da anka yi ta ji.

Sanusi ya ce, "Inna, fito."

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Ka faɗa."

"Na faɗa."

"Allah shi isa tsakanina da kai, Shehu." Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana tsirara ba sai ranar.

Sanusi ya durƙusa bakin ƙofa. "Inna, gaskiya ne? Duk shekarun nan kabarin wa nake zuwa?"

"Addu'arka tana isa gare shi duk inda ka tsaya. Tashi ka bi ɗiyanka."

Sama da mu ƙarfen ya yi wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na ga bangon gabas ya tsage daga ƙasa, tsagar tana hawa a hankali, ƙasa na zubowa kan randa.

Ta ce, "Ni ba ni fita. Ku tafi."

Na ce, "Sanusi, yau ma igiya ɗaya ce, kuma kai ne. Ɗauke ta. Ta tsine mini daga baya."

Yaron da bai taɓa yi mata musu ba. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "Inna, ki gafarce ni." Ya sunkuce ta kamar damin gero ya saɓa a kafaɗa. Tana dukan bayansa da carbi tana cewa ya sauke ta. Na tsaya sai da na ga sun ƙetare zaure, sannan na bi. Wannan karon ni na fito ƙarshe.

Muna isa ƙofar Maigari ruwa ya kece. Ba faɗuwa ƙarfen ya yi irin ta itace ba. Durƙusawa ya yi kamar raƙumi. Ƙafar yamma ta nutse da kankarenta, ƙasa ta haɗiye ta, sauran biyun sunka tanƙware, sannan ya miƙa dogon wuyansa bisa ɗakin Iyatu ya raba shi biyu, kansa ya kwanta kan hanya dab da layin dogo. Ƙarar har tasha anka ji ta. Ko kaza ba ta mutu ba.

Kowa ɗakin yake kallo. Iyatu ramin take kallo. Ta ce, "Sun buɗe shi." 

Kamfani sunka zo sunka kwashe ƙarfensu cikin mako guda. Da za su kafa wani can bayan gari, injiniya Shamsu da kansa ya zo da mota ya ɗauke ni, na zagaya wurin, na buga dagi na saurara, na ce nan ƙasa ce har ƙasa. Yana nan tsaye har gobe. Ramin kuwa Sanusi bai yarda a tura masa ƙasa haka nan ba. Sabuwar azara ya sayo, ya ce in nuna masa yadda ake jerawa. Ni na riƙe igiya, shi ya sauka. Yanzu an kewaye wurin da katanga, babu mai ɗora masa ko tukunya. Liman ya ce in ciyar da mutum goma, in ban iya ba in yi azumi uku. Na yi azumin, na kuma ciyar, don kada a ce Maidagi ya rage wani abu.

Iyatu tana nan da ranta, a ɗakin gaba. Kullum da safe tana fitowa da tsintsiyarta. In na gaishe ta sai ta juya mini baya, shekara uku ke nan ko tari ba ta yi mini ba. Na yarda. Gara ta yi ta fushin tana tafiya da ƙafafunta.

Wanda ya ce ƙarya nake, ko ya ce tsoho ne ke ƙara gishiri, ba sai mun yi gardama ba. Ya hau mota ya zo Kaura, ya tambayi gidan Sanusi direba kusa da layin dogo. Ya zo da safe, lokacin shara. Ya tsaya gaban tsohuwar ya ce Shehu Maidagi ne ya aiko shi. In ya bar wurin bai sha tsintsiya a ka ba, ya dawo ya kira ni maƙaryaci gaban kowa, ni zan biya masa kuɗin mota.